Kawu, tankin kifi na neman raba ni da maiɗakina

Assalamu alaikum Kawu. Ina zaune a Jidda da matata da yara biyu, ina aikin direba a wani kamfani. Wata biyu da suka wuce na haɗa tankin kifi na ruwan gishiri a falo, lita 120, da duwatsu da ƙananan kifi biyu masu ruwan lemo, sai wani ɗan kifi da ake kira bileni mai launin ƙasa-ƙasa da ɗan gashi a saman ido, mai shagon ya ce min shi ba sai na ba shi abinci ba gansakuka yake ci. Wallahi Kawu in na dawo daga dawam, wato wajen aiki, na zauna ina kallon sa yana leƙowa daga rami yana juya ido sai in ji gajiya ta tafi. Amma ban faɗa wa matata gaskiyar kuɗin ba, na ce wani abokina ne ya ba ni kayan, kuma watan jiya sai da na rage abin da nake tura wa Hajiyata gida. Faturar wuta, wato kuɗin lantarki, ta hau saboda ina barin mukayyif, wato AC, a kunne ko ba kowa a gidan. Sai ga ƙanin matata ya je Abhur, bakin teku a arewacin Jidda, ya kamo wani bilenin a cikin duwatsu ya jefa a tankin ba na nan, wai tsaraba ya kawo min. Tun ranar suke faɗa, nawa ya rame cikin sa ya lotsa ya daina fitowa, sabon kuma ya taɓa tsallowa ƙasa da dare Allah ya sa na ji. Raina ya ɓaci na yi wa yaron tas a gaban 'ya'yana, bai ƙara zuwa ba. Matata kuma ta ga rasit ɗin shago a aljihuna, yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu, ta ce in zaɓa. Ga shi nan da wata biyu za mu tafi gida ijaza, wato hutu, ta kwana 40. In sayar ne ko yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai ina so ka cire wa ranka cewa wai abin kunya ne babba da kai ka damu da ɗan kifi. Mutum yana ƙasar mutane, daga dawam sai gida, ba majalisa ba dangi a kusa, rana ta hana ka fita, in ka samu wani abu mai rai da ke sanyaya maka zuciya ai ni'ima ce. Ka tuna Abu Umair ƙanin Anas ɗan Malik, da ɗan tsuntsun sa ya mutu Manzon Allah (SAW) da kansa ya tsaya yana tambayar sa labarin tsuntsun. Amma fa hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ba shima yana nan, shi ya sa zan fara da kifin, ba don ya fi maiɗakinka ba, a'a, don shi kwanakin sa ƙirgaggu ne in ba a yi wani abu ba.

Daga yadda ka kwatanta shi naka shine wanda masana ke kira Salarias fasciatus, akwai shi a nan Bahar Maliya ma, in ya girma yana kai santimita 13 zuwa 14. Haƙoransa ƙanana ne jere reras, da su yake kankare dutse da gilas, in ka duba gilas ɗin da safe za ka ga tabon bakinsa zagaye-zagaye a inda ya bi. Toh abin da mai shagon ya faɗa maka rabin gaskiya ne. Eh gansakuka yake ci, amma yini yake yana ci ba tsayawa, ita siririyar da ke manne a dutse da tarkacen da ke maƙale a cikinta, kuma tankin da bai wuce wata biyu ba ba shi da wannan abincin da zai ishe shi, cikin 'yan kwanaki zai share komai sai ya koma yana kankarar dutse tsura. Lita 120 ma ita ce ƙarshen ƙanƙanta ga irin sa. Kaga kenan tun kafin ƙanin matarka ya zo da tsarabarsa naka ya riga ya fara yunwa, zuwan sabon ya ƙara ne kawai, ya hana shi fitowa ya nemi ɗan abin da ya rage. Na faɗi wannan da gangan don ka sauke wa yaron wani kaso na laifin da ka ɗora masa.

Yau ɗin nan ka nemo busasshen ganyen teku wanda ake naɗe sushi da shi, nori, ana samu a manyan kantuna, amma ka karanta ledar, wanda ba gishiri ba mai ba yaji. Ka yago ɗan ƙarami ka ɗaure shi da roba a jikin ƙaramin dutse ka ajiye dab da bakin raminsa, kar ka rataya a sama, shi a kan dutse ya saba ganin abinci. In ya yi wasu awanni bai ci ba ka cire kar ya ruɓe ya ɓata ruwa, gobe ka sake. Ka haɗa da ƙwayar abincin kifi mai nutsewa wadda ke da sifirulina, wato garin wata irin gansakuka, kaɗan-kaɗan, inda zai gani. Ka daina goge gilas na baya da na gefe, na gaba kawai za ka goge don kallo, sauran gonarsa ce. In kana da dodon koɗi da yawa a ciki ka rage su don abinci ɗaya suke ci da shi. Sannan ga wata dabara da ba ta cin ko halala, wato kwabon riyal, ka samu roba mai haske ka zuba ruwan da ka cire daga tankin, ka jefa ƙananan duwatsu uku ko huɗu, ka ajiye kusa da taga inda haske ke shiga amma ba ranar tsaka ba don ranar Jidda dafa ruwan za ta yi, cikin sati ɗaya zuwa biyu za ka ga sun yi kore, sai ka riƙa ba shi ɗaya kana mayar da wanda ya kankare. Abin da za ka riƙa dubawa shine cikin sa ta gefe, mai lafiya tumbinsa a cike yake ɓul-ɓul. In ramar ta kai bayan kai, wato naman bayansa ya fara zubewa, toh abin ya yi nisa, kar ka jira, ka kai shi wajen wanda tankinsa ya shekara ya yi kore ko da kyauta ne. Haka in ka yi kwana goma kana gwadawa ko kallon abincin bai yi ba.

Amma duk wannan ba zai yi aiki ba in sabon yana ciki. Bileni mai yanki ne, kowanne yana da raminsa da duwatsun da yake ɗauka nasa ne, biyu masu siffa ɗaya masu cin abu ɗaya a ƙaramin tanki ba sa shiryawa, kar ka zauna jiran wai za su saba. Kama shi da raga wahala ce za ka rushe duwatsu a banza, ka bari sai ya shige raminsa ka ɗaga dutsen gaba ɗaya ka sa a bokiti mai ruwan tankin, da ɗan injin iska, ka rufe. Daga nan ka tambayi masu shagon kifi ko wani mai kiwo ya karɓa. Kar ka mayar da shi teku tunda ya riga ya zauna da kifin shago da aka kawo daga wasu ƙasashe, yana iya kai wa kifayen teku cuta. Kai kuma ka sa ido kan sauran na sati uku zuwa huɗu, in ka ga fararen ɗigo ƙanana a jiki ko a fiffike, ko suna goga jiki a dutse, ko numfashi da sauri, ciwon farin ɗigo ne, kuma maganinsa mai sinadarin jan ƙarfe ba a zuba shi a babban tanki, yana kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani kuma duwatsu na shanye shi, a wani mazubi daban ake jinya.

Tsallen da ya yi ba abin mamaki ba ne, waɗanda ke zama a duwatsun bakin teku rayuwarsu kenan, daga wannan kududdufi su tsallaka wancan in ruwa ya janye, kuma naka ma in aka kore shi zai iya. Ka sa marfin raga, ka toshe har ɗan gurbin da wayoyi ke bi. Raga ta fi gilas a garin nan don gilas na riƙe zafi.

Yanzu ga ƙanin matarka. Ya yi kuskure, ba a sa wa mutum abu a tankinsa bai sani ba, amma ka duba abin da ya sa shi, ya ga abin da yayansa ke so ne ya shiga cikin duwatsu ya kamo. Kuma ka san a wajen mu ƙanin mata abokin wasa ne, kunyar da ya ji da ka daka masa tsawa a gaban yaran da ke ce masa kawu ta fi ƙarfin kifi, ita ma yayarsa a jikinta ta ji. Ka kira shi, ko ma ka je inda yake ranar Juma'a bayan an sauko, ka ce masa ka yi zafi da yawa ya yi haƙuri, ba sai ka yi dogon bayani ba. In ya huce sai ka gaya masa don kansa kar ya ƙara, cikin duwatsun nan akwai kifin dutse mai ƙaya mai dafi wanda ba ka gane shi da dutse sai ka taka, kuma cikin bileni ɗin Bahar Maliya akwai mai fiƙa mai dafi, Meiacanthus nigrolineatus, shuɗi-shuɗi da rawaya da baƙin layi, har akwai wani marar dafi da ke kwaikwayon kamarsa, ba abin kamawa da hannu ba ne. Ga kuma doka, kamun kifi a ƙasar nan da lasisi ake yi, ɗibar murjani kuma laifi ne mai tara, jami'an tsaron gaɓa suna nan, mu da ke zaune da igama, wato takardar izinin zama, ba mu da abin da ya kai mu neman magana da hukuma a kan ɗan kifi.

Maganar fatura kuma bari mu yi lissafi, don ina ga kai da ita duk ba ku san ainihin abin da ke cin kuɗin ba. Wutar gida halala 18 ce (halala 100 ke riyal ɗaya) kowane yunit, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, har zuwa 6,000 a wata, sai harajin kashi 15 a kai. Kayan tanki irin naka, fitila da filta da injin juya ruwa, da wuya su wuce wat 100 a haɗe, ko sun wuni sun kwana a kunne yunit 72 kenan a wata, kusan riyal 15 har da haraji. Shi kuwa mukayyif na taga mai tan ɗaya da rabi yana jan kusan kilowat 2, in ya yi awa 8 yana aiki kullum ba kowa a gida ka doshi riyal 100 a wata. Toh kaga ɓarawon. Kuma kifin nan ba sanyin firji suke so ba, digiri 25 zuwa 27 ya ishe su, sai ya haura 29 ya doshi 30 ne iskar cikin ruwa ke raguwa su fara haki. Ka sayi ma'aunin zafi ɗan ƙarami ka manna, ka janye tankin daga jikin taga, fitila ta riƙa kunnuwa da yamma zuwa dare lokacin da kake gida kana kallo, ka sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, tana iya sauke digiri ɗaya ko biyu duk da laimar iskar Jidda na rage mata ƙarfi. In dole sai an kunna mukayyif da rana ka sa shi a 26 ko 27, ba 18 ba. Injin sanyaya ruwa na tanki yana nan amma tsada gare shi, ba yanzu ba, ba a wannan halin da kuke ciki ba.

Fanka za ta sa ruwa ya riƙa ƙafewa da sauri, kuma nan ne sababbin masu kiwo ke kashe kifi. Ruwa ne ke tafiya gishiri na nan, kamar miyar da aka bari a kan wuta ta ƙafe sai ka ji gishiri ya fito, don haka ciko da ruwa marar gishiri ake yi, tataccen nan na gidajen tahliya, wato shagunan tace ruwan sha, ko na shagon kifi, ba na famfo ba ba na wayit, wato tankar ruwa, da ya kwana a tankin saman soro ba. Ka manna salatif daidai inda ruwan ya kamata ya tsaya, kullum ka cika zuwa nan. Ruwan gishiri sai ranar canji, kashi 10 zuwa 15 duk sati biyu, ma'aunin gishirinka ya nuna 1.025 ko kusa da haka. Kar kuma wani ya ce ka ɗebo daga Kurnish, wato bakin tekun Jidda, ai kyauta ne, Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a lita maimakon 35, ga dattin bakin gari.

Toh ɗana, mu zo kan babbar maganar. Ni ban yarda kifi maiɗakinka ke kishi da shi ba, rasit ɗin nan ne ya ƙona mata rai. Ka sa kanka a matsayinta, ita ke lissafin cefane, ta san kuɗin rusum na iyali, wato harajin da baƙo ke biya wa iyalinsa, riyal 400 ne kowane mutum a wata, ita da yara biyu 1,200 kenan kafin a ci a sha, ga haya da ta hau tun bayan rusau ɗin unguwanni na 2022, wataƙila akwai abin da ta so ta saya ta haɗiye don ta tausaya maka, sai ta wayi gari ta ga ashe akwai kuɗin gilas da duwatsu kuma an ce mata kyauta ce. Duk macen da ta ga haka tambayar da za ta fara yi wa kanta ita ce, sai me kuma ya ɓoye min? Da ta ce ka zaɓa, so take ta ga inda ka ajiye ta. Don haka kar ka je mata da lissafin kilowat tukuna, za ta ji kamar kare kanka kake. Ka bari yara su yi barci, ka fito da rasit ɗin duka har wanda ba ta gani ba, ka faɗi jimillar da bakinka, ka ce ka yi ƙarya kuma ba ka kyauta ba, ka tsaya nan ka bar ta ta yi magana ko da mai zafi ce. In ta sauko, ko washegari, sai ka gaya mata abin da ka gaya min, na yadda kake ji in ka dawo a gajiye ka zauna gaban tankin, ina da yaƙinin ba ka taɓa faɗa mata ba. Sannan ku yanka adadin da tankin zai ci a wata, ita ta faɗi nata kai ka faɗi naka ku haɗu, kuma ba sabon kifi ba sabon kaya sai da saninta. Ita ma ta samu wani abu nata daidai gwargwado, ko da ɗan abin da za ta riƙa turawa gidansu ne.

Na Hajiya kuwa babu ciniki a ciki. Abin da ka rage ka cika shi a albashin nan mai zuwa kafin ka sayi ko gishirin tanki, in kuma lissafi ya nuna ba za a iya riƙe duka biyun ba toh tankin ne zai tafi, wannan ba sai na ja maka aya ba ka sani.

Saura ijaza. Kwana 40 ba wasa ba ne ga tankin ruwan gishiri a lokacin zafi, ba a kulle gida a bar shi. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙanin matarka da ka yi wa faɗa, in kun shirya ka fara koya masa tun yanzu yana zuwa kuna yi tare, ka raba abinci a 'yar robar magani mai gidaje na kowace rana don masu riƙon ƙwarya yawan ba da abinci ne ke sa su kashe kifi, ka ajiye masa jarkokin ruwan ciko da wanda ka riga ka haɗa da gishiri ka rubuta a jikin kowanne, fitila a kan taima mai kunna ta da kashe ta da kanta, ya riƙa leƙowa duk kwana biyu yana turo maka bidiyo ta WhatsApp har da ma'aunin zafi. In ba zai iya ba ka tambayi masu shago ko wani mai kiwo su riƙe maka kifin ka biya wani abu, tankin ya zauna da duwatsu da injin ruwa kawai, wani ya riƙa ciko, ka dawo ka tarar ya yi kore shar wanda dama shi bilenin ke buƙata. In kuma bayan kun zauna da ita ka ga har yanzu ganin tankin na tayar mata da abin, ko kuɗin ba za su kai ba, ka sayar kafin tafiya ba tare da ka riƙe ta a zuci ba, duwatsu da gilas ba sa ƙarewa a kasuwa. Ranar da za ka sake farawa ka bari tankin ya yi wata shida kafin ka sa mai cin gansakuka, ko ka ɗauki bileni mai ruwan zinare, Ecsenius midas, shima ɗan Bahar Maliya ne, a tsakiyar ruwa yake cin abincinsa kuma yana karɓar na shago ba gardama, sai dai shima gwanin tsalle ne sai da marfi. A shago kuma kar ka biya sai an ba kifin abinci a gabanka ka ga ya ci.

Wani abu da zan so ka yi in gida ya lafa, ka kwashe su ita da yaran ku je gidan kallon kifaye na Fakieh Aquarium da ke Kurnish, ka bar yara su nemo maka bileni a cikin ramukan duwatsu, kar ka yi ta bayani, ka bar ta ta kalla da kanta. Nan da sati biyu kuma ka turo min hoton naka ta gefe lokacin da ya kwanta a kan dutse ina so in ga cikin, ka faɗa min ko ya fara taɓa nori, da adadin da kuka tsayar kai da ita. Ka gaida min ita da yaran.